Hawan Mambila a kan keke: amsa ga matashin da ya saba da hanyar Wudil

Wani matashi ya aiko da tambaya daga Kano. Ya ce yana da keke ɗan gwanjo mai giya, kuma kusan kowane ƙarshen mako yakan je Wudil ya dawo ba tare da ya jigata ba. Yanzu yana so ya yi mako guda yana zagaya ƙauyukan tsaunin Mambila. Yana tambaya ko kilomita 80 zuwa 100 a rana za su yiwu, kuma me zai tanada.

Ƙanena, tafiyar za ta yiwu, amma ba da wannan lissafin ba. Na daɗe ina gyaran keke ina kuma yin doguwar tafiya a kansa, kuma abin da na fi gani yana karya mutanen da suka taso a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu shi ne suna auna tafiya da kilomita. A tsauni, tsawon da za ka hau sama shi ne ma'auni, kilomita tana biyo baya. Hanyar Wudil ta ba ka ƙafa da numfashi, wannan kuwa jari ne babba. Abin da ba ta koya maka ba shi ne hawan da ba ya ƙarewa cikin awa guda, da gangarar da ba ta barin hannunka ya huta.

Ga yadda wurin yake. Daga Jalingo hanya takan bi ta Garba Chede, Bali, Serti, har Mayo Selbe, wanda ke gindin dutsen. Daga nan ne hawan gaske yake farawa, kwana a kan kwana, har ka fito Maisamari, sannan Nguroje, sannan Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna a jihar Taraba. Birnin Kano bai kai mita 500 sama da teku ba. Saman Mambila kuwa mafi yawansa mita 1,500 ne zuwa sama, kuma tsakanin gindin dutsen da samansa akwai abin da ya kai kimanin mita 1,000. Akwai wani hawa a wannan hanya da ake kira Biyu da Sisi. Mutanen wurin sukan ce sunan ya samo asali ne daga ladan da 'yan dako suke karɓa a da, sule biyu da sisi, kafin su kai wa mutum kaya sama. Wurin da sai da aka yi masa farashi na musamman, ka san ba a hawansa da gaggawa.

Shawarata ta farko: kada ka taso daga Kano a kan keken. Ɗora shi a mota zuwa Jalingo, daga nan ka sake hawa wata zuwa Serti ko Mayo Selbe. Ƙasan tana da zafi, akwai tsando a wasu wuraren kusa da daji, kuma akwai tazara mai tsawo da babu gari. Ƙarfinka ka ajiye shi domin abin da ya kai ka.

Yanzu ga lissafin da nake so ka riƙe. A ce nauyinka kilo 70, keken kilo 15, kaya da ruwa kilo 15, jimilla kilo 100. Mutum mai ƙarfi daidai gwargwado, wanda ba ɗan tsere ba, yana iya ɗaga wannan nauyi mita 350 zuwa 400 sama a cikin awa guda, idan ya samu yadda zai riƙa juya feda ba tsayawa. Ke nan mita 1,000 za su ci maka kusan awa uku na tuƙi zalla, ban da hutu, shan ruwa, salla da wuraren da za ka sauka ka tura. A hawan da yake tashi mita 80 cikin kowace kilomita, gudunka ba zai wuce kilomita 5 a awa ba, wato kamar mai tafiya a ƙasa da ɗan sauri. Wannan ba gazawa ba ce, haka abin yake ga kowa. Don haka ranar farko kada ka sa mata komai sai hawan: ka bar Mayo Selbe da an idar da sallar asuba, ka kai Maisamari, ka kwana. Kuma kada ka ɗauka in ka fito sama an gama. Saman Mambila tuddai ne masu ciyawa jere da juna, ka hau wannan ka gangara rafi ka sake hawan na gaba, yini guda cur. Kilomita 30 zuwa 40 a rana sun isa, a hanyoyin ƙauye ma wani lokaci 25 sai sun kai ka la'asar.

Abin da zai raba jin daɗi da azaba a wannan tafiya shi ne giyarka mafi sauƙi. Nan nake so mu tsaya sosai, domin mutane sukan ce "kekena giya 21 ne" su ɗauka magana ta ƙare. Yawan giya ba shi ne ba. Ka duƙa ka ƙirga haƙoran ƙaramin faranti na gaba, wajen feda, sannan ka ƙirga haƙoran babban faranti na baya, a jikin firiwil, wato tarin farantan da ke jikin tayar baya. Yawancin kekunan gwanjo masu araha suna zuwa da 28 a gaba, 28 a baya. Ma'anarsa, duk juyi ɗaya na feda taya takan juya sau ɗaya, kuma taya mai inci 26 tana cin mita 2 da ɗan ɗoriya. A gudun kilomita 5 a awa, ƙafarka za ta riƙa juyawa sau 40 kacal a minti. Wannan dannawa ce da ƙarfin tsiya, nauyin duka yana sauka a gwiwa, kuma kafin awa ta cika cinyarka ta ɗauki wuta. Idan kuwa kana da 22 a gaba da 34 a baya, juyi ɗaya bai kai mita ɗaya da rabi ba, ƙafarka za ta juya sau 60 da 'yan kai a minti, kana zaune a kan sirdi, kana iya magana. Gudun ɗaya ne, hawan ɗaya ne, amma na farko zai sauka ya tura, na biyu zai kai sama da sauran ƙarfi. Don ka ga bambancin da kyau, keken nan namu na gargajiya mai giya ɗaya, irin Raleigh ko Phoenix, juyi ɗaya yana cin sama da mita 5. A irin wannan hawan sau 15 za ka juya feda a minti, wato ba zai tuƙu ba sam. Shi ya sa za ka ga masu irinsa a ƙauyukan tudu suna tura shi a kowane hawa, sun mai da shi jakin kaya.

Gyaran ba shi da tsada. Idan firiwil ɗinka irin mai murɗawa ne mai faranti shida ko bakwai, ka nemi wanda babbansa ke da haƙora 34. Kamfanin kayan keke na Shimano suna yin irinsa, ana rubuta masa Megarange, kuma ana samunsa wurin masu kayan keke a manyan kasuwanni. Da shi kaɗai, 28 da 34 za su kai ka juyi kusan 50 a minti. In ka samu farantin gaba mai 22 ko 24 a cikin kayan gwanjo, ka haɗa, to ka gama da matsalar. Sai dai ka sa mai gyara ya tabbatar abin canjin giya na baya yana kaiwa babban farantin ba tare da ya taɓa sifok ba, kuma in an canja firiwil a canja sarƙa tare, don tsohuwar sarƙa tana tsalle a kan sabbin haƙora daidai lokacin da ka danna da ƙarfi.

A kan hawan kansa, ka sauya giya tun kafin ya yi tsanani, ka ɗan sassauta ƙafa lokacin sauyawar. Ka fara a hankali fiye da yadda jikinka yake so. Idan ba ka iya furta jimla guda ba tare da haki ba, ka yi sauri da yawa. Iskar can ta fi ta Kano sirantaka kaɗan, za ka ji numfashi yana ɗan gajarta a kwana biyun farko, daga baya jiki ya saba. In wuri ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura, babu abin kunya a ciki. Abu ɗaya ne na hana ka da babbar murya: kama bayan babbar mota don ta ja ka. Motar da ke hawa da lodi tana iya mutuwa ta dawo da baya, kai kuwa kana daidai ƙarƙashinta.

To, hawa yana gajiyarwa, amma gangara ce take kai mutum asibiti. Duk ƙarfin da ka zuba ka ɗaga kilo 100 zuwa mita 1,000 yana nan a ajiye, kuma ranar saukowa sai ya fita. Idan aka mai da shi zafi, ya kai ya tafasa ruwa kusan lita 3. Iska tana ɗauke wani kaso, sauran kuwa a jikin birkinka da rim, wato kewayen ƙarfen da taya take zaune a kai, yake ƙarewa. Mai tsoro yakan riƙe birki a hankali tun daga sama har ƙasa ba saki, kuma wannan ne mafi haɗari, domin rim ba ya samun damar hucewa. Robar birki takan yi laushi ta daina kamawa, iskar cikin tiyub ta kumbura, sholishon tsohon faci ya saki. Ya taɓa faruwa da ni a wata doguwar gangara: tiyub ɗin gaba mai faci biyu ya saki iska gaba ɗaya ana dab da kwana. Allah ya sa na riga na rage gudu, na tsira da ƙujewar gwiwa da hannu. Da na taɓa rim ɗin, sai da ya ƙona ni. Tun daga ranar ba na shiga tsauni da tiyub mai faci a tayar gaba.

Yadda ake yi shi ne ka damƙe birki biyun da ƙarfi har gudu ya ragu sosai, ka saki na 'yan daƙiƙu, ka sake damƙewa. Birkin gaba shi ne mai tsayar da keke, na baya taimako yake yi, in ka dogara da shi kaɗai taya za ta ja ƙasa ta zame. Don haka ka ja jikinka baya a kan sirdi, ka miƙe hannu, ka yi aiki da na gaba ba tare da fizga ba. Ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana, domin tsakuwa da yashi a cikin kwana suke taruwa. Ka tsaya a hannunka ko da hanya ta yi kamar babu kowa: motocin haya, 'yan acaɓa da tsofaffin Land Rover ɗin da har yau suke ɗaukar kaya a tsaunin sukan yanko kwana, garken shanu ma yana iya kasancewa a bayanta. Duk bayan minti goma ka tsaya ka kusantar da bayan hannunka ga rim, in da zafi sosai ka jira ya huce. Kada ka bunƙara wa taya iska ranar saukowa. Idan rim ɗinka na ƙarfe ne mai ƙyalli, ka canja shi da na alminiyam kafin ka tafi, domin na ƙarfe in ya jiƙe birki kusan ba ya kama shi. Hular kwano kuma dole ce.

Kaya kada su wuce kilo 10 zuwa 12, ban da ruwa. Kada ka goya su a baya. Ka raba su gida biyu a gefen kariya, masu nauyi a ƙasa, ka bar kilo biyu ko uku a gaba wajen hannu don kada tayar gaba ta riƙa ɗagawa a hawa mai tsanani. Na gyara: tiyub biyu sababbi, faci da sholisho, famfo, robar birki ta canji gaba da baya, wayar birki ɗaya, wayar giya ɗaya, sifok huɗu ko biyar daidai tsawon naka, mahaɗin sarƙa, sifana, filaya, makullan alan masu lamba 4, 5 da 6, ɗan man sarƙa, da robar tsohon tiyub da aka yanka don ɗauri. Masu gyara a ƙauye sun ƙware a babur da keken gargajiya, za su yi maka faci da walda, amma ba lallai su ajiye kayan giya ba. Taya mai inci 26 ta fi sauƙin samu a kan manyan nan na zamani.

Lokacin tafiya kuwa, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Damina a Mambila tana farawa da wuri, wajen Maris ko Afrilu, ta kai har Oktoba, kuma jar ƙasar hanyoyin ƙauye in ta sha ruwa takan zama santsi, ta kuma cushe tsakanin taya da madigadi har keken ya ƙi juyawa. A rani za ka sha ƙura da hayaƙin ƙunar daji, amma hanya tana takuwa. Sanyi kada ka raina shi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6, kuma da rana ma ba kasafai yake wuce 25 ba, dare da asuba kuwa sai da bargo. Inda ya fi kama mutum shi ne ya kai ƙarshen hawa da riga jiƙe da gumi, ya faɗa gangara iska tana dukansa. Ka ajiye rigar sanyi mai tare iska a inda hannu zai kai, ka sa kafin ka gangara. Da safe wani lokaci gajimare yakan sauko har ƙasa, don haka ka sa fitila gaba da baya, da riga mai haske.

Ci da sha ba su da wuya. Ka ci kaɗan-kaɗan duk awa tun kafin yunwa ta zo: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, ayaba. A can za ka samu fiya da ayaba da masara da nono da zuma, ga shayi mai kyau. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, ka riƙa sha ko ba ka ji ba. A gora ɗaya ka haɗa ruwan gishiri da sukari, lita guda da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ruwan rafi komai kyansa a ido, shanu suna sha a samansa, ka tafasa ko ka ɗiga masa maganin tsabtace ruwa.

Sai maganar mutane, wadda a wurina ta kai ta giya muhimmanci. Mambila gida ne na ƙabilar Mambila, da Kaka, da Fulani makiyaya, da Panso da Kambu, da Hausawa 'yan kasuwa, Musulmi da Kirista. Hausa za ta kai ka ko'ina a kan babbar hanya, amma a ruga da ƙananan ƙauyuka Fulatanci ya fi tafiya, ko "jam na?" da "useko" (wato "lafiya?" da "na gode") kaɗai ka iya, za ka ga fuska ta saki. Ƙasa a can abu ce mai tsada a zukatan mutane, an sha samun rikici a kanta tsakanin manoma da makiyaya, na 2017 ya yi muni ƙwarai. Kai baƙo ne, ba ka da bakin magana a ciki, ko an jawo ka ka yi shiru. Wayar da ka gani an kewaye makiyaya ko gona da ita kada ka tsallaka don yanke hanya. Kada ka ɗauki hoton mutum, ko gidansa, ko shanunsa sai ka nemi izini.

Idan za ka kwana a ƙauyen da babu masauki, ka isa kafin la'asar ta yi sanyi, ka nemi jauro ko mai unguwa, ka yi sallama, ka faɗi sunanka da garinku da abin da ya kawo ka da inda za ka gobe. Kada ka kafa tanti a bayan gari kai kaɗai ba da sanin kowa ba. Baƙon da ba a san shi ba tsoro yake jawowa, tsoro kuma yana jawo abin da ba a so. Ka riƙe ɗan abin hannu, sukari ko ganyen shayi ko sabulu ko goro, ka bar wa gidan da ya sauke ka. Katin shaidarka ya kasance a jikinka, domin iyakar Kamaru tana kusa kuma akwai shingayen jami'an tsaro. Labarin lafiyar hanya kuwa yana canjawa daga wata zuwa wata, musamman tsakanin Bali da Serti, don haka direbobin tasha a Jalingo su za ka tambaya ranar da za ka tashi. Ba a tafiyar dare. In da hali ku tafi ku biyu, kuma wani a gida ya san inda za ka kwana kowace rana, domin akwai kwaruruka da waya ba ta kamawa. Ka riƙe tsabar kuɗi, ka raba su wuri biyu.

Wajen tambayar hanya, kada ka ce "kilomita nawa ne?" Ɗan acaɓa zai ce maka nan kusa ne, kuma gaskiyarsa ya faɗa, da inji yake aunawa. Ka tambayi mai tafiya a ƙasa awa nawa yake yi, hawa nawa ne a tsakani, akwai rafi ko babu, da gada ko da kwalekwale ake hayewa, domin kogin Donga daga tsaunin nan ya taso kuma akwai mashigan da sai an ɗora keke a jirgi. Awannin mai tafiya a ƙasa ka raba biyu, ka samu naka. Ka kuma sauke taswirar yankin a wayarka tun kana Jalingo. Manhaja irin OsmAnd tana aiki ba intanet kuma tana nuna hawa da gangarar hanya.

Da ni ne, ga yadda zan raba makon. Rana ta farko hawa zuwa Maisamari. Ta biyu zuwa Nguroje, da tsayawa a Yelwa, inda dajin Ngel Nyaki yake, ɗaya daga cikin 'yan dazuzzukan tsauni da suka rage a Najeriya. Ana shiga ne da izinin ma'aikatan wurin, a ƙasa. Ta uku ka ratse zuwa Kakara ka ga gonakin shayin da ake yin Highland Tea da su. Ta huɗu Gembu, ta biyar hutu da wanki da duba keke, sauran biyun dawowa. Chappal Waddi, tsauni mafi tsawo a Najeriya mai mita 2,419, ka bar shi sai wani zuwan: tafiyar ƙafa ce, yana cikin gandun Gashaka Gumti, kuma sai da izini da ɗan rakiya daga hukumar gandun, wadda ofishinta yake Serti. Ranar saukowa daga Maisamari ka sa sabbin robobin birki tun da dare, kuma in ka duba ka ga hannunka ya gaji ko an yi ruwa, ka ɗora keken a mota zuwa Mayo Selbe.

Kafin lokacin, ka ɗaura kayan nan kilo 12 a keken ka riƙa zuwa Wudil da su, kwana biyu a jere, don ka san yadda jikinka yake a rana ta biyu, ka kuma gano abin da ke kwancewa ko gugar taya. Yau ɗin nan kuma ka ƙirga haƙoran farantan nan biyu ka aiko mini da lambobin, tare da ko rim ɗinka ƙarfe ne ko alminiyam, sai in gaya maka abin da za ka canja da abin da za ka bari.